Wake Guda, Shirwa Goma

Kaza ce ta yi wannan ɗan kukan nata, ƙurrr, wanda take yi idan inuwa ta gifta ta kan 'yan tsakinta. Ranar sadakar uku ce ta Baba, mahaifin maigidana, tsakar gida cike da mata har bakin madafa. Kafin kazar ta rufe baki, duk macen da aka haifa a gidan nan ko aka auro ta cikinsa ta ɗaga kai sama. Baƙin da suka zo daga Sandamu da Daura suka ga mun ɗaga, su ma suka ɗaga, ba su san abin da ake nema ba. Shirwa ce guda ɗaya tak, tana shawaginta.

Gwaggo, ƙanwar marigayin, ita ta fara fashewa da dariya, carbi a hannunta.

"Kun gani ko? Wani ya bar wa iyalinsa shanu, wani ya bar gonaki. Yaya ya bar mana ciwon wuya."

Sai gida ya ɗauka. Inna, uwar mijina, da ke zaune a ƙofar ɗakinta cikin takaba, ta ja mayafi ta rufe baki, kafaɗunta na rawa. Wata tsohuwa daga cikin baƙin ta ce ita tun da take ba ta taɓa zuwa gidan makoki aka yi irin wannan dariya ba. Gwaggo ta ce mata ai ba ta taɓa zuwa makokin Yaya ba ne.

A waje ma, in ji maigidana, hirar ke nan. Wani ɗan acaɓa ya ce ya taɓa ɗauko Baba daga kasuwar Mai'adua, suna tsakiyar hanya ya daki kafaɗarsa ya ce tsaya, tsaya. Ya ɗauka wani abu ne ya faɗi. Ashe tsuntsaye ne, aka tsaya a rana har suka gama wucewa. Wani dattijon Bafulatani da ya zo daga bakin iyaka ya ce duk haɗuwarsu, Baba kan tambaye shi iyali, ya tambaye shi shanu, sannan ya ce, "To, shirwa fa, sun taso?" Liman ya ce ya yi wa mutane da yawa salla, amma wannan ne mutumin da ya sani wanda bai taɓa ɗaga kai sama ya sauke ba tare da ya ambaci Allah ba.

Da dariya ta lafa, Gwaggo ta share ido ta ce, "Allah sarki. Abu guda ne bai samu ba har ya koma, gaggafarsa."

Kowa ya ce Allah sarki, aka wuce wurin. Ni ce ban wuce ba, domin ni kaɗai ce a gidan nan nake da halin ba shi wannan gaggafa, na kuwa hana shi. Abin da ya sa na ɗauki biro ke nan. Ina so jikokinsa su san wane ne shi, ina kuma so in sauke abin da ke ƙirjina.

Ni 'yar cikin birnin Daura ce, aure ya kawo ni wannan ƙauye na hanyar Baure. Na zo da kaza guda da kakata ta ba ni. A kakar farko ta ƙyanƙyashe tara, shirwa ta ɗebe su ɗaya bayan ɗaya har saura biyu. Ranar da ta suri na bakwai a gaban idona, na manta ni amarya ce, na fito da muciya ina ɗaga wa sama, ina cewa Allah ya karya miki fiffike, ɓarauniya. Ban san Baba yana zaure ba.

Ka'idar gidan nan, suruki ba ya yi wa matar ɗansa magana kai tsaye, ita ma ba ta kama sunansa, ba ta haɗa ido da shi. Gaisuwa ce daga nesa a durƙushe, shi ke nan. Saboda haka sai ya ɗaga murya ya kira Inna.

"Ki ce wa mutanen Daura, wadda ta ɗauki tsakon ta gari ce, mun san halinta. Amma a daina yi wa sama baki baki ɗaya, akwai matafiya a ciki."

Inna ta ce, "Ta ji ka. Ba kurma aka auro maka ba."

Da na tuna a gaban wa na ɗaga muciya, sai da na yini a ɗaki. Bayan kwana biyu na buɗe ƙofa da safe na tarar da sabon akurki na kara, saƙar hannunsa, da wata kaza wake-wake a ciki da 'ya'yanta shida. Ba wanda ya ce shi ya ajiye. Da na aika Inna da godiya, ya ce shi bai san zancen ba, wataƙila shirwa ce ta biya diyya.

Daga nan sunana ya zama mutanen Daura, har ya koma ga Allah bai canza ba.

A hankali na gane su wane ne matafiyan. Idan damina ta ja baya, gero ya nuna, aka fara yanka, tsuntsaye masu farauta kan taso daga arewa, ta wajen Nijar, su nufi kudu. Baba yakan ce su ne kaɗai ke ƙetare iyaka ba mai tambayarsu takarda. Tun yana saurayi yake ƙirga su. Da hantsi, idan ƙasa ta ɗau zafi, sai ya tafi tudun gonarsa, ya zauna gindin gawo da tsakuwa cike da aljihun dama. Duk goman da ta wuce, tsakuwa guda ta koma aljihun hagu. Inna ta ce ta ɗinke aljihun mutumin nan fiye da yadda ta ɗinke zanenta. Ba ya rubutawa. A ka yake riƙewa, yana ɗaure kowace kaka da wani abu na gida. Zai ce shekarar da aka haifi wane sun yi yawa har sai da tsakuwa ta ƙare masa, shekarar da rijiya ta rufta kuwa ba su taka kara sun karya ba.

An taɓa yi masa tsegumi cewa duba yake yi da tsuntsaye. Abin ya ɓata masa rai, ya je har gaban liman ya ce, "Ni ban ce sun san gaibu ba. Fara suke bi. In sun zo da yawa, fara ta yi yawa a arewa, mai wake ya hanzarta roro. Wannan duba ne ko ido?" Da aka matsa masa da tambayar me zai samu, sai ya ce yana yaro an yi wata shekara da fara ta sauka a gonar mahaifinsa, suna kora suna kuka, sai ga shirwa da shaho kamar an yi musu shela, suka yi ta ci har aka tsira da na tuwo. "Wanda ya taya ka aikin gona, in ya zo wucewa ta ƙofarka ai ka fito ka gan shi."

Ina da 'ya'ya uku lokacin da yanar ido ta rufe masa gani. An kai shi asibiti aka yi aiki, ya dawo yana ganin hanya, yana gane mutum idan ya matso. Sama kuwa ta tafi. Kakar farko bayan haka ya je tudun sau biyu ya dawo da tsakuwarsa a aljihun dama. 'Ya'yansa maza suna gona suna yankan gero, ba mai lokacin zama gindin gawo. Ya daina fita, ya rage cin abinci, barkwancin ma ya ɗauke.

Ni kuma a lokacin kullum ina kan soro ina shanyar kuɓewa da barkono. Wata rana da hantsi na ɗaga kai na ga abin da ban taɓa lura da shi ba duk zamana a gidan. Shirwa ne can ƙololuwa, sun taru suna juyawa kamar ana dama fura, suna ƙara sama, suna ƙara sama, sai ta kan gaba ta miƙe ta yi kudu ba ta ko kaɗa fiffike, sauran suka bi ta a jere. Na ce subhanallahi. Na sauko tsani da sauri na ce wa Inna ta gaya wa Baba na ga wajen arba'in.

Daga zaure muka ji muryarsa, irin wadda muka kwana biyu ba mu ji ba.

"Tambayi mutanen Daura, wutsiyar a tsage take?"

"A tsage take, Inna."

"Ta ce a tsage."

"Suna kallon ƙasa ko gabansu suke kallo?"

Inna ta ajiye tsintsiya ta ce, "Ni fa ba 'yar aike ba ce. Kai ga ta, ke ga shi, taku biyar ne tsakaninku."

Amma ta ci gaba da kai saƙon, tana mita tana kaiwa, haka aka koya mini karatun sama ta bakin Inna. Shirwar gari ƙasa take kallo, tana kewaya gida ɗaya, ba a sa ta a lissafi. Matafiyiya ba ruwanta da kajin kowa. Shaho fiffikensa mai tsini ne, shi kaɗai yake tafe, kamar wanda aka aika. Ungulu ba ta gaggawa. Akwai wasu masu ruwan toka da ke bin saman kara ƙasa-ƙasa suna tangaɗi, ya ce bai san sunansu ba, shi masu lilo yake ce musu, ba kuma zan gan su daga soro ba sai dai in an yi sa'a.

Na ce zan riƙa rubuta masa a takarda, tunda na yi sakandare. Ya ce a gaya wa mutanen Daura takarda ba ta da amfani ga wanda yatsunsa ne idonsa. Shi ya kawo dabarar ƙoƙo. Wake guda, shirwa goma. Ƙwayar masara, shaho ɗaya. Gyaɗa, ungulu. Idan an kai masa tuwon yamma sai a ɗora ƙoƙon a gefen tire, ya zube a tabarma ya bi su da yatsa yana ware su, yana cewa masha Allah. Ranar ce kuma ya aiko Inna da ƙwallon dabino guda, ya ce wannan na gaggafa ne, a ajiye shi har ranar da za ta wuce.

Ya sa an kwatanta mini ita sau ba adadi. Babba ce, kusan ba ta da wutsiya, ƙarƙashin fiffikenta fari, fuska da ƙafa ja wur, tana tafiya tana karkata dama da hagu kamar mace mai ɗauke da tulu. Ya ce da ƙuruciyarsa ba a rasa ta a sararin nan. Sannu a hankali ta yi wuya, har ya zama rabonsa da ita tun kafin a yi auren maigidana. "Ban ce sai na gan ta ba," in ji shi. "In dai an ce mini tana nan, ya ishe ni."

Rigimar da aka fi tunawa a gidan nan ta faru ne a kaka ta biyu. Ranar sun wuce kamar ba za su ƙare ba, tun hantsi har azahar, wuyana ya ƙage, ƙoƙo ya kusa rabi. Na ajiye shi a kan katangar madafa na shiga yin salla. Inna ta zo ta ga wake da 'yan ƙwayoyin masara a ciki, ta ce wace ƙazamar ce ta bar wannan, ta tsince masarar ta watsa wa kaji, ta juye waken cikin tukunyar shinkafa. Da yamma tire ya je ba ƙoƙo. Da Baba ya ji abin da ya faru, ya ture kwanon gefe.

"Yinin yarinyar nan guda kika dafa!"

"Shekara nawa ina dafa maka wake, yau ne ka san yana da fiffike?"

"Ranar da ta fi kowace rana!"

"To ci mana, ka ƙirga su a ciki."

Bai yi mata magana ba har washegari. Mu kuwa muna ɗaki muna toshe baki. Da safe ya sa aka ɗumama masa sauran, ya cinye, ya ce a gaya wa mai girkin shirwarta ta ji gishiri daidai. Daga ranar na rina waken lissafi da shuni, don kada wani ya sake kuskure.

Kaka takwas muka yi a haka. Ban taɓa zama kusa da shi ba, bai taɓa kiran sunana ba, amma ban san wani mutum da na yi doguwar hira da shi kamar Baba ba. Idan wake ya yi yawa, zan ji shi daga zaure yana tsokanar jikoki. Idan ya yi kaɗan, zai ce a gaya wa mutanen Daura kada su damu, ba laifinsu ba ne, ba su suka aiko su ba. Da na haihu a tsakiyar wata kaka ya hana ni hawa tsani, ya ce matafiya sun san uzuri. Ƙwallon dabinon nan kuwa yana ƙulle a bakin zanena, na sauya zane na sauya masa wuri, bai taɓa shiga ƙoƙo ba.

Bana ciwo ya kwantar da shi tun kafin a fara yanka. Aka dawo da shi ɗakin Inna. Abinci sai an lallashe shi, amma ƙoƙo kullum sai ya tambaya. Autata, mai shekara shida, wadda yake kira amaryarsa, ita ke yini a gefen shimfiɗarsa tana ba shi labarin da ba shi da kai.

Wata rana Inna ta same ni a madafa, ta rage murya.

"Ke, saka masa ƙwallon nan mana."

"Inna, ban gan ta ba."

"Wa ya ce kin gan ta? Mutum yana bakin tafiya. Me zai rage ki? Shi zai hau soron ya duba?"

Maigidana ma ya ce haka. Ya ce faranta ran mara lafiya lada ne, in ma da zunubi shi ya ɗauka. Ba su faɗi abin banza ba, don sun fi ni sanin ciwon da ke ransu, ita mijinta, shi mahaifinsa.

Kwana uku bayan haka na hango wani babban tsuntsu can gabas, shi kaɗai, rana na bayansa. Ya karkata sau ɗaya. Na kare ido da hannu, na bi shi har ya shige, ban ga fari ba, ban ga ja ba, ban kuma iya cewa yana da wutsiya ko ba shi da ita ba. Zuciyata ta ce ai ga hanya Allah ya kawo. Na kwance bakin zane na jefa ƙwallon cikin ƙoƙo. Na ɗora a tire, na ɗauka, na yi taku har tsakiyar gida. A nan na tsaya. Na tuna mutumin nan shekara takwas yana karɓar duk abin da na zuba masa bai taɓa cewa a sake ƙirgawa ba. Na sa yatsa na cire, na miƙa wa Inna tiren. Ta dube ni, ta dubi hannuna, ta shiga.

Bayan kwana biyar, ana kiran azahar, ya cika da kalmar shahada a bakinsa. Daga Allah muke, gare shi za mu koma.

Tun daga ranar nake juya abin. In na idar da salla sai in ce na yi daidai. In na ga shimfiɗarsa a naɗe sai in ce wane irin taurin zuciya ne wannan, tsoho ya roƙi abu guda a duniya, yana ƙulle a zanena, na bar shi ya tafi babu. Wataƙila ma ita ce na gani. Ban gaya wa kowa ba, sai dai in yi masa addu'a, ita ce abin da ya rage a hannuna. Allah ya jiƙan Baba, ya yalwata masa makwanci, ya mayar masa da ganinsa fiye da na ƙuruciya, ya nuna masa abin da ya fi gaggafa kyau. Allah ya ba Inna haƙuri, ya sa mu cika da imani in tamu ta zo.

Jiya da yamma ina tsefe wa auta kai, tana zaune tsakanin ƙafafuna tana wasa da bakin zanena, sai ta taɓo ƙullin. Ta tambaye ni mene ne, na ce ƙwallon dabinon Baba Tsoho ne. Hawaye ya zubo mini a kan gashinta, ta waiwayo.

"Umma, kuka kike yi?"

Na ce mata ina tunanin ban ba kakanta abin da yake so ba ne.

Ta ce, "Ai ya sani. Kullum in an kawo ƙoƙo shi yake fara nema, ya yi ta lalube, ya yi ta lalube. In bai ji shi ba sai ya yi dariya ya ce mini, amarya, yau ma mutanen Daura sun hana ni gaggafa, to waken nan duk na gaskiya ne, zo mu ƙirga. Umma, wai gaggafar nan ta fi zakaranmu girma?"